ƘARA WA REDIYON MOTA KAURIN AMO: A SAN GWARGWADO KAFIN A SA HANNU

Duk wanda ya saba tsayawa a mahaɗar tituna a manyan garuruwan ƙasar nan ya san irin motar nan da a kan ji ƙuginta tun kafin a hango ta. Gilasanta a rufe, amma ƙofofi na karkarwa, lamba na kaɗawa kamar za ta faɗo, wanda ke kusa kuwa ba ya jin ko kalma ɗaya ta waƙar sai dukan da ke ratsa masa ƙirji. Wannan shi ne abin da samari ke kira bes, watau kaurin amo, kuma neman ƙara shi a kan rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani ya zama ruwan dare. A da sha'ani ne na 'yan samari da direbobin haya. Yanzu kuwa har ma'aikacin gwamnati da ya sha wahalar adashi ya sayi 'yar Kwatano, kafin ya waiwayi tayoyinta sai ya fara tambayar inda a ke sa wufa.

Ba laifi ba ne mutum ya so jin daɗin abin da ya saya da guminsa, kuma ƙorafin da masu motoci ke yi cewa rediyon kamfani ba shi da nauyin murya gaskiya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda a ke yin gyaran. Mafi yawan masu yinsa ba su bambanta cike giɓin da kamfani ya bari da tara hayaniya ba. Cike giɓi aiki ne na hankali, kuɗinsa kaɗan, amfaninsa mai ɗorewa. Tara hayaniya kuwa yana cin aljihu, ya ci batir, ya ci kunne, wani lokaci ma ya ci motar ɗungurungum da gobara.

DALILIN RASHIN KAURI

Sauti dai kaɗawar iska ce. Kunnen yaro mai lafiya yana kama abin da ke kaɗawa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a sakan guda. Idan kaɗawar ta yi sauri murya ta siranta, idan ta yi nawa murya ta yi kauri. Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin haka ba tare da sun shiga aji ba. Kanzagi ƙarami ne, fatarsa a ɗaure tamau, saboda haka muryarsa siririya ce; tambari kuwa faffaɗa ne, shi ya sa idan aka buge shi a ƙofar fada a kan ji shi har cikin ƙirji. Babu mai hankalin da zai nemi amon tambari a jikin kanzagi.

Lasifika ma haka ta ke. Fatarta ta takarda ce ko ta roba, maganaɗisu da wutar lantarki ke tura ta gaba da baya domin ta motsa iska. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk sa'ad da aka rage saurin kaɗawa da rabi, sai lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin a ji amon da ƙarfi irin na farko. Lasifikar da ke ƙofar yawancin ƙananan motoci faɗinta inci shida da rabi ne, kuma ta kan fara gazawa idan sauti ya sauka ƙasa da kaɗawa 70 ko 80 a sakan, alhali kuwa tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana sauka har kaɗawa 41. Wufa mai inci 12 fatarta ta kusa ninka ta ƙofa sau huɗu, kuma an gina ta ne domin ta yi doguwar tafiya gaba da baya ba tare da ta yage ba.

Daɗin daɗawa, shi kansa rediyon ba shi da ƙarfin da a ke zato. Ko da an rubuta wat 50 sau huɗu a fuskarsa, abin da ya ke iya bai wa kowace lasifika a kai a kai ba tare da murya ta gurɓace ba bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. Kamfanonin ƙera motoci suna lissafin kowane kwabo da kowane nauyi, saboda haka wasunsu su kan tsara rediyon ya riƙa rage kaurin amo da kansa yayin da aka ƙara murya, domin kada lasifikoki masu araha su fashe. Sa'an nan ga ƙugin inji da na taya a kan kwalta, wanda shi ma amo ne mai kauri, yana danne na waƙa. Tun a 1933 masana biyu na Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ba ya kama kakkauran sauti sosai idan murya na ƙasa ƙasa. Waɗannan dalilai ne suka taru suka sa waƙar da ta cika ɗaki a gida ta kan fito a rame cikin mota.

Akwai kuma canjin zamani. Lokacin da kamfanin Galvin na Shikago ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, burin kowa shi ne a ji magana kawai. Ko a shekarun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, watau daga 1975, mai mota labarai ya ke nema da kaset ɗin Alhaji Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos, kuma kalangu da kuntigi ba su dogara ga amo mai zurfi ƙwarai ba. Amma tun da aka fito da na'urorin kiɗa irin su Roland TR-808 a 1980, aka kuma koma haɗa waƙa da kwamfuta, sai kakkauran amo ya zama ginshiƙin kiɗan zamani, har da waƙoƙin fina-finan Hausa. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

A FARA DA ABIN DA BA YA CIN KUƊI

Kuskuren farko shi ne garzayawa kasuwa kafin a binciki abin da ke hannu. Yawancin motocin da a ke shigowa da su sun shekara goma ko fiye a kan hanya, kuma zafin rana irin na Arewa yana ruɓar da soson da ke gefen fatar lasifika har ya marmashe. Lasifikar da gefenta ya yage ba za ta ba da kauri ba ko da an haɗa ta da injin duniya, sai dai ta yi ta ɓarɓar. Maganinta sauyi ne, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wufa ba.

Haka kuma sau da yawa a kan tarar wani mai gyara ya taɓa juya wayoyin lasifika ɗaya, ya sa ta gaba a gurbin ta baya. Idan haka ta faru, yayin da fatar dama ke turawa ta hagu ja ta ke yi, sai kaurin amon ya kashe juna. Gane wannan ba shi da wuya: a karkatar da murya duka zuwa gefe ɗaya, idan kauri ya ƙaru maimakon ya ragu, to, an juya waya. Gyaransa aikin minti goma ne.

Ƙofar mota kanta ma tana da nata laifin. Cikinta ramuka ne da siririn ƙarfe mai karkarwa, iskar da lasifika ta tura ta baya sai ta zagayo ta soke ta gaba. Manna shimfiɗar roba mai nauyi a jikin ƙarfen, da toshe manyan ramukan ba tare da an taɓa magudanar ruwan da ke ƙasan ƙofa ba, ya kan ƙara kauri ya kuma rage ƙarar hanya. Mutane da yawa da suka tsaya a nan sun tarar buƙatarsu ta biya. Abin da bai kamata ba shi ne murɗa maɓallin bes har ƙarshe, domin wannan tilasta wa kanzagi ne ya yi aikin tambari, ƙarshensa kuwa yagewa.

WUFA DA AMFILIFAYA

Wanda duk wannan bai ishe shi ba, sai ya nemi wufa da amfilifaya mai ba ta ƙarfi. Ba dole ne a cire rediyon kamfani ba, kuma a motocin zamani cire shi hasara ce, domin a jikinsa maɓallan sitiyari da kyamarar baya su ke, wani lokaci har da allon na'urar sanyaya mota. Ana iya ɗaukar sautin daga wayoyin lasifikokin baya, a bi da shi ta wani ɗan akwati mai rage ƙarfinsa zuwa gwargwadon da amfilifaya ke karɓa. Amfilifayoyi da yawa ma suna da wannan ƙofa a jikinsu. Sai dai a lura, wasu motoci, kamar wasu samfurorin Honda Accord, suna da ƙananan makirufo a rufi waɗanda ke sauraron ƙugin inji domin rediyo ya soke shi. Idan aka ƙara wufa ba a kula da su ba, sai mota ta riƙa wani gurnani ko da babu waƙa.

Babban abin da masu sayar da kaya ba su cika faɗa ba shi ne, cikin mota ƙaramin ɗaki ne a rufe, kuma wannan ƙanƙanta taimako ce. Sauti mai kaɗawa 40 a sakan tsawon zangonsa ya kai mita takwas da rabi, watau ya fi motar kanta tsawo nesa ba kusa ba. Saboda haka ba ya samun wurin bazuwa, sai ya cika motar kamar yadda iska ke cika salka. Wannan ne ya sa wufa guda mai inci 8 ko 10, wadda ba za ta taɓuka kome ba a zauren taro, ta kan wadatar da ƙaramar mota. Akwai ma irin wadda a ke turawa ƙarƙashin kujera, da amfilifayarta a ciki, mai ƙarfin wat 100 zuwa 150. Ga magidanci mai ɗaukar iyali da kayan cefane a but, ita ce ta fi dacewa.

Akwatin da za a sa wufa a ciki shi ne rabin aikin. Rufaffen akwati ƙarami ne, amonsa a tsare. Mai rami ya fi ƙara, amma ya fi girma, kuma idan ba a auna ramin daidai ba sai ya riƙa maimaita amo ɗaya komai waƙar da aka sa. Kowace wufa tana zuwa da takardar da ta faɗi girman akwatin da ya dace da ita. Kafintan da ya haɗa shi da ido kawai, da siririn katako, ya ɓata kuɗin mai mota. Bayan haka sai a saita matatar amfilifaya a wajen kaɗawa 80, domin wufa ta tsaya ga nata aiki ta bar murya ga lasifikokin ƙofa. Alamar aiki mai kyau ita ce mai sauraro ya kasa nuna inda wufar ta ke.

YAUDARAR KWALI

A Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Ikko, ba wuya a ga amfilifaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma an rubuta dubban wat a kwalinta. Irin wannan adadi, wanda a kan biyo shi da haruffan PMPO ko kalmar da ke nufin ƙololuwa, ba shi da wata ƙa'ida tsayayya. Adadin da a ke dogara da shi shi ne mai haruffan RMS, domin shi ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai. Akwai kuma hanyar gane ƙarya cikin sauƙi: a dubi fis ɗin da ke jikin amfilifayar. Wutar mota bolt 14 ce idan inji na aiki, saboda haka na'urar da fis ɗinta amfiya 20 ne ba za ta ja fiye da wat 280 ba, kuma wani kashi na wannan zafi zai zama. Duk abin da kwali ya faɗa sama da haka tatsuniya ce.

Ko da adadin gaskiya ne, ribarsa ba ta kai yadda a ke tsammani ba. Ninka ƙarfi sau biyu, daga wat 500 zuwa 1,000, desibel 3 kaɗai ya ke ƙarawa, abin da kunne zai ce an ɗan ƙara. Kafin mutum ya ji kamar an ninka ƙara sau biyu sai an ninka ƙarfi kusan sau goma. Wanda ya san wannan lissafi ba zai zubar da albashinsa wajen tseren wat ba.

WUTA BA TA SAN WASA BA

A nan ne haɗarin ya fi girma. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya tana iya jan kusan amfiya 45 idan aka buɗe ta, alhali altanetar ƙaramar mota tsakanin amfiya 70 zuwa 100 ta ke bayarwa, kuma fitilu da na'urar sanyaya mota da injin kansa duk a kanta su ke. Idan aka ga fitilun gaba na lumshewa tare da bugun ganga, to, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kunna kiɗa inji a kashe kuwa, kamar yadda a ke yi a wajen biki, shi ne hanya mafi sauri ta kashe batir, wanda dama zafin ƙasar nan ke rage masa kwana.

Wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa but tana ratsa motar daga gaba har baya, ƙarƙashin shimfiɗa da kujeru. Idan ƙarfe ya goge rigarta, kuma babu fis a kusa da batir, sai ta yi ja kamar garwashi cikin ƙiftawar ido. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a sa fis a wurin da bai wuce inci 18 daga kan batir ba, a kuma sa zoben roba a duk ramin da wayar ta bi ta jikin ƙarfe. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya na'urar kaɗai ya ke karewa, ba ya kare wayar. Mai wayarin da ya ce ba a buƙatar fis, ko ya naɗa zaren waya a gurbin wanda ya ƙone, bai cancanci a ba shi makullin mota ba.

Ita kanta wayar ma ana ha'inci a kanta. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wadda ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 kawai na abin da zallar jan ƙarfe mai kauri ɗaya da ita zai ɗauka. Ba ta da nauyi a hannu, kuma idan aka kankare bakinta sai a ga fari. Araha ba ta ado. Haka kuma wajibi ne a ɗaure akwatin wufa da kyau, domin a mota mai buɗaɗɗen baya akwati mai nauyi zai iya afka wa fasinjoji idan aka taka birki da ƙarfi, kuma kafin a huda ƙasan but a leƙa a tabbatar ba tankin mai ne a wurin ba.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Batir idan ya mutu a sayi wani. Kunne kuwa ba a sayar da shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka. A can cikinsa akwai wasu ƙananan gasu masu kama sauti, waɗanda idan ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa matasa kimanin biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara fiye da kima, kuma ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 kawai ya rage.

Gaskiya ne kunne ya fi jure kakkauran amo bisa siriri. Amma wanda ya cika motarsa da ƙugi dole ya ƙara sauran muryoyin kafin ya ji abin da mawaƙi ke faɗa, ta nan ɓarnar ke shiga. Idan mutum ya fita daga mota ya ji kunnensa na ƙara kamar kukan gyare, gargaɗi ne jiki ke yi masa. Abin takaici kuma, waɗanda suka fi kusa da akwatin su ne yaran da ke kujerar baya, waɗanda ba a shawarce su ba. Ɗalibin da ya fara rasa ji tun yana ƙarami, a aji zai biya bashin.

HAƘƘIN JAMA'A

Direba da kunne ya ke tuƙi kamar yadda ya ke yi da ido. Wanda ƙugi ya rufe shi ba zai ji jiniyar motar asibiti ba, ko odar babbar mota da birki ya ƙwace mata, ko ihun mai babur da ke gefensa. Bugu da ƙari, kakkauran amo ya fi siriri ratsa bango da gilashi, shi ya sa mai mota na ganin ya rufe tagoginsa, amma maras lafiya a gadon asibiti da mai karatun jarrabawa da jariri a goye duk suna shan dukan. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. A jihar Fulorida ta Amurka, dokar da ta fara aiki a watan Yuli na 2022 ta ba 'yan sanda ikon cin tarar direban da a ke jin kiɗansa sarai daga nisan ƙafa 25. A Nijeriya ma an kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, aka kuma fitar da ƙa'idojin hana ƙara a 2009. Saura aiwatarwa da wayar da kai. Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wannan batu cikin faɗakarwar da ta ke yi a tashoshin mota, har da masu A Daidaita Sahu, hukumar kula da ingancin kayayyaki kuma ta sa ido kan wayoyin jabu da kwalaye masu adadin ƙarya. Kwalejojin fasaha su ma za su taimaka ƙwarai idan suka shirya wa masu wayarin gajeren horo, domin yawancinsu haziƙai ne, lissafin kaurin waya da girman fis ne kawai ba a koya musu ba.

Amma kafin hukuma ta zo, alhakin yana wuyan mai mota. Ya fara duba lasifikokinsa da wayoyinsu, ya gyara ƙofofi, sa'an nan idan da sauran buƙata ya sayi wufa guda daidai girman motarsa, ya tsaya a kan mai wayarin har ya ga an sa fis kusa da batir. Ma'aunin kuma a bayyane ya ke: idan yana iya magana da na kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba, idan yana jin odar motar da ke bayansa, idan mai tafiya a gefen titi bai san abin da ya ke saurare ba, to, ya tsaya inda ya dace. Wanda ya zarce nan kuwa ya tuna da abin da magabata suka ce, garin neman gira a kan rasa ido.